Yaya Mashood da Wasiƙar Da Na Manta a Mota

Ranar Alhamis, tara ga watan Oktoba na shekarar 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Alhaji Mashood Abdulai a wani asibiti a nan Greensboro, yana da shekara hamsin da tara. Ciwon zuciya ne, wanda ya shafe fiye da shekara huɗu yana fama da shi. Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Washegari bayan sallar Juma'a muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa.

Ina bakin aiki a kantin maganin da nake yi wa hidima matarsa, Hajiya Adjara, ta kira ni. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, “Ɗantala, yayanka ya tafi.” Na ajiye kwalbar da ke hannuna, na fita bayan kanti, na zauna a kan dakalin da ake sauke kaya.

Yaya Mashood, ni da kai ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba, ko ƙasa ba mu haɗa ba. Kai ɗan zangon Kumasi ne a Ghana, ni kuma Bakano. Amma shekara goma sha shida ina kiranka Yaya, kuma ban taɓa jin kalmar ta yi mini nauyi a baki ba.

A tashar bas ta tsakiyar gari muka fara haɗuwa, a shekarar 2009. Na iso daga New York da jaka ɗaya, wanda ya yi alkawarin tarbata bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Na yi awa uku a kan benci. Da na kira gida ina yi wa mahaifiyata ƙaryar cewa na sauka lafiya, sai na ga wani mutum mai faɗin kafaɗa, sanye da rigar aiki mai ratsin ruwan ɗorawa, ya tsaya yana saurarena. Da na kashe wayar ka ce, “Kai, ɗan'uwa, ka gaya wa tsohuwa ka sauka lafiya, to ina ka sauka?” Hausarka ta zango ta ba ni dariya duk da halin da nake ciki. Ba ka tambaye ni ko ni ɗan wane ne ba. Ka ɗauki jakata, muka hau bas tare. Hajiya Adjara ta tuƙa tuwon zafi da miyar ayoyo, na ci har na ji kunya. Wata biyu na yi a falonku, ko sau ɗaya ba ka tambaye ni yaushe zan tashi ba.

Kai ka koya mini tuƙi. Duk safiyar Lahadi, kafin manyan kantunan titin Wendover su buɗe, sai mu shiga filin ajiye motocinsu, ka miƙa mini makullin tsohuwar motarka. Na taɓa daka ta a jikin turken fitila, fitilar gaba ta fashe. Na fito ina duba ɓarnar. Ka duba, ka ce turken ne bai kauce ba, ka ce in koma in zauna. Bayan rasuwarka, a wurin zaman makoki, aka yi hirar waɗanda suka koyi mota a hannunka, sai ga mu mun haura goma, 'yan Najeriya da 'yan Ghana da 'yan Nijar, kowa da irin ɓarnar da ya yi wa motar nan.

Shekara goma sha tara ka yi kana tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito da ke bayan Wendover. Ba ka makara, ba ka fashi. A bazarar 2021 numfashinka ya fara tsinkewa. Ƙafafunka suka kumbura har takalmin aiki ya daina shiga. Likita ya ce zuciyar ta yi rauni, ba ta iya harba jini yadda ya kamata. Ka ci gaba da zuwa aiki kana ɓoyewa, har ranar da jiri ya ɗebe ka a kan motar, abokan aiki suka sauko da kai. Daga ranar ba ka koma ba.

Sai da muka sha fama kafin ka yarda ka nemi tallafin da gwamnati ke bai wa wanda ciwo ya hana shi aiki. Ka ce kai ba miskinin da zai miƙa hannu ba ne. Na yi ta yi maka bayani cewa ba sadaka ba ce, daga albashinka ake cirewa duk tsawon shekarun nan saboda irin wannan rana. Da ƙyar ka sakko. Muka zauna a teburin cin abincinku muka cike fom, shafi bayan shafi: sunayen likitoci, sunayen magunguna, nauyin da kake ɗagawa a wurin aiki, minti nawa kake iya tsayuwa. A lokacin kuna shirin sauya gida, kuma akwatunan wasiƙun gininku sun lalace. Ni na kawo shawarar a sa adireshina na Pleasant Garden. Na ce akwatina yana bakin titi, ba mai taɓawa, kuma na fi ka sabawa da Turancin takardun gwamnati. Ka ce, “To, na bar maka amana.” Wannan a watan Satumba ne na 2021.

Muka shiga jira. Duk Juma'a idan muka haɗu a masallaci, bayan an sallame, sai ka matso ka tambaye ni a hankali, “Ba wasiƙa?” In ce, “Ba komai tukuna, Yaya.” Ka ce, “Allah Ya kawo.”

Abin da zan faɗa yanzu, mutum biyu ne kawai suka san shi a cikin jama'armu har zuwa makon jiya: ni da kai.

Ana jibi Babbar Sallah ta 2022, na fito da motata ina sharewa, don za mu je gona ɗauko naman layya. Na zura hannu a aljihun bayan kujerar direba, na zaro tarin takardun tallan kantuna da na cusa a wurin wata rana da na kwashi wasiƙu ta tagar mota ana ruwa. A tsakiyarsu akwai farin ambulan mai sunanka. Na buɗe a tsaye. An ƙi amincewa da buƙatarka. Sun yarda ba za ka iya komawa tsohon aikinka ba, amma a ganinsu za ka iya wani aikin mara nauyi. A ƙasa an rubuta cewa idan ba ka gamsu ba, kana da kwana sittin ka ɗaukaka ƙara. Na duba kwanan watan. Tun Afrilu aka rubuta. Wa'adin ya wuce da kusan mako biyu.

Wata biyu da rabi takardar tana bayan kujerar da nake zama. Da ita na yi ta zuwa masallaci ina ce maka ba komai tukuna.

Ba zan ɓoye abin da ya fara zuwa zuciyata ba. Na yi tunanin in yaga ta. Mu kira ofishin mu ce ba mu taɓa ganin wata wasiƙa ba. Na san idan mutum yana da uzuri mai ƙarfi, akan karɓi afil ɗinsa ko da ya makara, kuma rashin isowar takarda uzuri ne. Na yi Sallah da wannan tunani, naman ma ban ji ɗanɗanonsa ba. Kwana uku bayan Sallah, da hantsi, lokacin da na san Hajiya tana wurin aiki, na zo gidanku.

Na same ka a kujera, ka ɗora ƙafafunka a kan matashi. Na miƙa maka takardar, na faɗa maka inda na tsince ta. Ka sa tabarau ka karanta, ka sake karantawa. Na ga tsokar muƙamuƙinka tana motsi. Na san ranka ya ɓaci, kuma da ka zage ni a lokacin da na ji sauƙi.

Na ce, “Yaya, akwai mafita. Mu ce ba ta iso ba.”

Ka cire tabarau ka dube ni. Ka ce, “Ta iso ko ba ta iso ba?”

Na ce, “Ta iso.”

Ka ce, “To abin da za mu rubuta ke nan. Ɗantala, zuciyar nan tawa ba ta da tabbas. Yau ko gobe za a iya kirana. Ba na son in tafi da abincin da ƙarya ta kawo a cikina.” Sai ka ga ina hawaye, ka ce, “Share fuskarka. Mantuwa ce, ba mugunta ba. Na yafe. Amma kada Adjara ta ji wannan magana daga bakinka, ni ma ba za ta ji daga nawa ba. Tana ganinka kamar ƙaninta, ba na son a ɓata wannan.”

Muka rubuta gaskiya, na sa hannu a kan nawa bayanin. Bayan makonni amsa ta zo: uzurin bai wadatar ba. Ban ga laifinsu ba, laifin a motata ya kwana. Dole muka koma farko, sabon fom, sabon layi. Wata goma sha ɗaya na jira suka tafi a banza. Ita Hajiya abin da ka gaya mata kawai shi ne an ƙi, za a sake nema. Hakan ma gaskiya ne, sai dai ba duka ba.

Na ga abin da watannin nan suka yi wa gidanku. Hajiya tana kula da tsofaffi a gidajensu da safe, ta ƙara da kitso da yamma, har yatsunta suka fara ƙagewa. Kuka koma ƙaramin gida mai ɗaki ɗaya a hawa na biyu, kai da matakala goma sha huɗu suka zame maka tafiya mai zango uku. Motar da ta koya wa mutane tuƙi aka sayar da ita. 'Yarku Zakiya ta dakatar da karatun aikin jinya na shekara guda ta kama aiki. Duk lokacin da na kawo buhun shinkafa ko na biya magani, Hajiya sai ta yi ta sa mini albarka, tana cewa ko ɗan'uwan jini iyakar abin da zai yi ke nan. Kai kuma kana zaune kana cewa amin. Ba ka taɓa dubana da wani ido ba, ko da wasa ba ka taɓa yi mini gugar zana ba. Abin da ya fi dukana shi ne, da muka zo layin adireshi a sabon fom, na ɗago alƙalami na tsaya, sai ka ce, “Me kake jira? Sa naka.”

An sake ƙi a farkon 2023. A ranar da takardar ta iso na kawo maka, a makon muka ɗaukaka ƙara. Aka sake dubawa, aka sake ƙi. Sai muka nemi a kai maganar gaban alƙali, muka samu wata lauya da ta ƙware a irin wannan shari'a. Ita ce ta gano abin da ya yi ta kayar da mu. Ta baje bayanan likitocinka a kan tebur, ta nuna mana da yatsa. Kusan kowane shafi an rubuta cewa majiyyaci ya ce yana samun sauƙi, majiyyaci ya ce ba shi da damuwa. Kai da aka rene ka a kan cewa in an tambayi jiki sai a ce da sauƙi, an gode Allah, haka ka yi ta amsa wa likitoci, su kuma suna rubutawa.

Ta ce dole ka faɗi abin da ba ka iyawa. Ka ce mata wannan kai ƙarar Ubangiji ne wurin bayinSa. Muka kamo hanyar gida a mota, har muka wuce Elm Street. Na ce maka, “Yaya, kai ka hana ni yin ƙarya a kan wasiƙa. To wannan ‘da sauƙi’ da kake faɗa alhali ba sauƙin, mene ne sunanta?” Ka juya kana kallon waje. Sai da muka iso ƙofar gida ka ce, “Ɗan Kano, bakinka ya fi ƙarfinka.”

A watan Agusta na 2024 aka saurare ka. Ɗaki ne ƙarami, ba irin kotun da ake gani a talabijin ba. Lauya ta roƙa aka bar ni na zauna a baya. Alƙaliyar mace ce mai furfura, tana tambaya a natse. Ta ce ka kwatanta mata yadda safiyarka take. Ka dubi Hajiya, ka sunkuyar da kai, sannan ka fara. Ka ce a zaune kake barci, don in ka kwanta numfashi yana ƙwacewa. Ka ce a kan kujera kake sallah, rabonka da sa goshi a ƙasa shekara biyu ke nan. Ka ce matarka ce take sa maka safa, ita take cuɗa maka baya, kuma in ka shiga wanka tana tsayawa a bakin ƙofa don gudun kada ka faɗi. Muryarka ta karye a nan. Mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana loda manyan motoci, ga shi yana faɗa wa baƙuwa cewa ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure takalmi. Alƙaliyar ta ce a ba ka ruwa. Ka sha, ka ce mata, “Duk da haka ina gode wa Allah. Ki rubuta wannan ma.” Ta ce ta rubuta.

A watan Oktoba takardar amincewa ta iso. Ban buɗe ta ba. Daga bakin akwatin na wuce gidanku kai tsaye, ka buɗe da hannunka. Hajiya ta zauna a ƙasa tana kuka, kai kuma ka ce a dafa wake da shinkafa irin na zango, a kira Zakiya a gaya mata ta koma makaranta.

Shekara ɗaya cif ka ci moriyar abin da ka yi shekara uku kana nema. Ba ka kashe ta a kwance ba. Kuka koma gida na ƙasa. Ranar Juma'a kana zaune a kujerarka a bayan sahu, duk wanda ka ji labarin ciwo ya raba shi da aiki sai ka sa a kira maka shi. Na tuna Zabeirou, ɗan Nijar ɗin nan mai gyaran rufin gidaje da ya faɗo ya karya ƙugu. An ƙi masa sau ɗaya, ya ce shi ya haƙura, ƙasar ba tasa ba ce. Ka ce ya kawo takardar, ka sa na ƙirga kwanakin, saura tara wa'adi ya cika. Ka matsa masa lamba har ya sa hannu. Ranar da zai ga likita ka ce sai ka raka shi, ga bututun iska a hancinka, don kada ya je ya ce da sauƙi. Zabeirou yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe ka, yana ɗingishi, an hana shi ya ƙi hanuwa.

Ganinmu na ƙarshe ranar Litinin ne, kwana uku kafin tafiyarka. Hajiya ta fita neman ruwan zafi, muka rage mu biyu. Na kama hannunka na ce ka sake yafe mini watannin nan. Ka ɗan yi tsaki, ka ce, “Har yanzu kana nan? Ni na daɗe da wucewa.” Sannan ka ce in duba maka ko an biya wa Zakiya kuɗin jarrabawa. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Na karya umarninka, Yaya, kuma ina fatan za ka fahimce ni. Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, na tafi da matata Salwa wurin Hajiya. Na kasa ci gaba da karɓar godiyarta. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga aljihun kujera har zuwa abin da ka ce. Ta ɗauki carbinta tana ja. Sannan ta ce, “Ɗantala, watannin nan ni kaɗai na san yadda na yi su.” Ban ɗago ba. Ta ce, “Wato shekara uku yana kallona ina sa maka albarka, bai ce komai ba.” Sai ta yi wata 'yar dariya wadda ta ƙare da kuka. Da ta natsu ta ce, “Shi ya yafe, ni ma zan yafe, in sha Allah. Amma ni ba shi ba ce, ka ba ni lokaci.” Na ce na ji, kuma haƙƙinta ne. Ita ce ta ce in rubuta wannan yadda ya faru, don mutane su san irin mijin da ta rasa, kuma duk wanda aka ba shi ajiyar takardar wani ya riƙa buɗe akwatinsa kullum.

Ya Allah, ga bawanKa Mashood ɗan Abdulai ya zo gare Ka. Ya tarar da baƙo a tasha ya kai shi gida, an cuce shi da sakaci ya rufa asiri, an nuna masa hanyar ƙarya yana cikin tsananin buƙata ya ƙi bi. Ka gafarta masa, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa wasu. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Adjara, wadda ta ɗauki gidan a kanta ba ta taɓa kai kuka wurin kowa ba, Allah Ya saka mata, Ya sanyaya zuciyarta. Ga Zakiya, Allah Ya ba ki ikon kammala abin da mahaifinki ya tafi yana tambaya a kai. Ga 'yan'uwansa da ke zangon Kumasi, waɗanda ba su samu ganin gawarsa ba, da jama'armu ta Greensboro baki ɗaya, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshen, Ya sa mu tafi ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya.

Ƙaninka,
Ɗantala Muhammad Awwal
Pleasant Garden